Ƙanina na Kanada ya samu aiki a Amurka, ko takardarsa za ta lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ƙanina nas ne, shekara biyu ke nan da samun takardar zama ta dindindin a Kanada, yana garin Windsor da iyalinsa. Yanzu wani asibiti a Detroit, ɓangaren Amurka, yana zawarcinsa da albashi mai tsoka, ya ce zai riƙa tsallakawa kullum yana dawowa gida ya kwana. Hajiyarmu ta tayar da hankalinta, don an ce mata duk wanda ya yi aiki a wata ƙasa ƙwace takardarsa ake yi. Ni dai nawa girin kad, wato takardar zama ta dindindin ta Amurka, da 'yata ta yi mini, lafiya lau yake: duk wata biyar nake leƙawa in yi mako biyu in dawo shago. Shi ne nake so ka yi mana bayanin nasa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Ka fara da kwantar wa Hajiya hankali, domin wanda ya kai mata wancan zance bai san dokar Kanada ba. Kanada ba ta ƙwace takardar zama don mutum ya nemi abinci a wata ƙasa. Sai dai kada ka yi saurin shafa fatiha. A wasiƙar taka akwai abubuwa biyu da suka fi abin da ka tambaya nauyi: ko ƙanin naka ma yana da ƙofar shiga aikin da ake kiransa, da kuma naka girin kad ɗin, wanda ka ambata a ƙarshe kamar mai ba da misalin abin da ba shi da matsala. Na yi shekaru ina wannan aiki a lardin Ontario, inda Windsor take, kafin in dawo gida Kano, kuma takardun da na ga sun salwanta, yawancinsu na masu irin tsarinka ne, ba na masu irin tsarinsa ba.

Bari mu fara da shi.

Dokar shige da fice ta Kanada, wadda ta fara aiki a 2002, ta ɗora wa mai takardar dindindin sharaɗi a sashe na 28: ya kasance a cikin ƙasar kwana 730 a kowace shekara biyar. Shekara biyu ke nan cikin biyar, kuma ba dole su zo a jere ba. Ba ruwan dokar da wanda ke biyanka albashi, ko da kuɗin wace ƙasa ake biyanka. Ƙirge ne zalla, kamar yadda kake ƙirga dila a sito. Inda masu tsallakawa kullum suke samun sauƙi shi ne, ko awa ɗaya mutum ya yi a ƙasar Kanada cikin yini, an rubuta masa ranar cikakkiya. Wanda ya yi asuba a Windsor, ya tuƙa motarsa zuwa Detroit, ya dawo ya yi isha'i a gidansa, a wurin hukuma bai bar Kanada ba ranar nan. Ko aikin dare aka ba shi, ya fita Litinin da magariba ya dawo Talata da hantsi, duka ranakun biyu nasa ne, tunda kowacce ya taka ƙasar a cikinta.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka wata doguwar tafiya ce. Kogi ne kawai ya raba garuruwan biyu, kana wannan gaɓa kana hango benayen waccan. Akwai gadar Ambassador da aka buɗe a 1929, akwai hanyar ƙarƙashin kogi da aka buɗe a 1930. In babu layi a boda, fitowarka daga Kabuga zuwa Kwari da yamma ta fi ta cin lokaci. Ma'aikatan jinya na Windsor sun daɗe suna wannan zirga-zirga, har ma da aka rufe bodar a watan Maris na 2020 saboda korona, su ba a hana su wucewa ba. Kuma Musulmi ba ya jin baƙunta a can, don Dearborn da Hamtramck na nan kusa, ga masallatai ga naman halal.

Lissafin yana canzawa ne ranar da gajiya ta sa ya kama ɗaki a Detroit. A ce yana fita Litinin da safe sai Juma'a da yamma ya dawo. Talata da Laraba da Alhamis sun tafi, saura kwana huɗu a mako, wato 208 a shekara, 1,040 a shekara biyar. Wannan ya ishe shi riƙe takardar zama, amma bai kai 1,095 da ake nema kafin mutum ya zama ɗan ƙasa ba, tun ma ba a cire zuwa Hajji da zuwa ganin gida ba. Ka riƙe wannan lamba ta 1,095, za mu dawo kanta.

Abin da ya fi cin mutanenmu ba Detroit ba ne, Kano ce. Mahaifiya ta kwanta rashin lafiya, ko an yi rasuwa ana rabon gado, ko an fara gini a Rijiyar Zaki ba mai tsayawa a kai, mutum ya zo da niyyar wata uku ya zarce shekara biyu. Yana ta lissafin cewa ai ya riga ya tara kwana 730 a baya. A shekaru biyar na farko haka ne, ana duba ko har yanzu zai iya cika adadin kafin wa'adin ya ƙare. Amma bayan nan, duk ranar da jami'i ya tsayar da kai, daga wannan ranar yake waiwayawa baya shekara biyar, tsofaffin kwanakinka kuwa zubewa suke yi ta ƙasa kamar gero a hujajjen buhu. Ɗauki ƙaninka: ya yi shekara biyu cur, sai ya taho gida ya yi uku. Ranar da ya koma yana da 730 cif. Amma daga nan, duk rana ɗaya da ya ƙara, wata tsohuwa ɗaya na faɗuwa, haka zai yi shekara biyu a kan gaɓa, ko Umara ya tafi ya faɗi ƙasa da adadi. Doka ta yarda a lissafa wa mutum kwanakin waje a 'yan wurare kaɗan, kamar idan yana tare da matarsa ko mijinta ɗan ƙasar Kanada, ko kamfanin Kanada ne ya tura shi aiki na cikakken lokaci. Asibitin Detroit ba ya cikin waɗannan, shagon Yaya a Kwari ma haka. In an yanke cewa mutum bai cika ba, yana da damar ɗaukaka ƙara, kwana 60 in a waje aka yanke, kuma ana sauraron uzuri na jinƙai irin jinyar iyaye. Amma uzuri sai da takardun asibiti da sunan mara lafiya da kwanan wata, ba da rantsuwa ba.

Wani ruɗanin kuma na kati ne. Katin zama shekara biyar yake yi, amma ƙarewarsa ba ƙarewar matsayin mutum ba ce, kamar yadda ƙarewar fasfo ba ta cire ka daga zama ɗan Najeriya. Illar kawai ita ce kamfanin jirgi ba zai ɗauke shi zuwa Kanada ba sai da kati mai rai ko takardar tafiya ta musamman da ake nema daga waje, kuma a wajen neman nan ne ake buɗe littafin kwanakinsa. Saboda haka kada ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da katin da ya rage wata ɗaya. Kuma ya riƙa rubuta kowace fita da shiga. Tun 2019 ƙasashen biyu ke musayar bayanan duk wanda ya tsallaka ta ƙasa, shigarsa Amurka ita ce shaidar fitarsa daga Kanada. Wanda ya cike fom da ƙiyasi, lambobinsa suka saɓa da na kwamfuta, zai iya shiga tuhumar yi wa hukuma ƙarya, wadda ke jawo rasa takarda da hana shiga na shekara biyar.

To, ɓangaren Kanada ke nan, kuma ka ga babu abin fargaba. Matsalarsa tana ɗaya gaɓar kogin.

Takardar zaman Kanada ba ta buɗe ƙofar Amurka. Da koren fasfonmu yake yawo har yanzu, ko sayayya zai tsallaka yi a Detroit sai da biza, balle aiki. Abokan aikinsa da yake gani suna wucewa kowace safiya, mafi yawansu da wani izini suke wucewa mai suna TN, wanda ya fito daga yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka da Kanada da Meksiko ta 1994, da aka sabunta a 2020. Izini ne mai sauƙin gaske: ɗan Kanada ya je boda da takardar ɗaukar aiki da shaidar karatunsa, a nan take a duba a ba shi har na shekara uku, in ta ƙare ya sabunta. Nas mai rajista yana cikin jerin sana'o'in, da injiniya da akanta. Amma na 'yan ƙasa ne kaɗai. Mai takardar zama ba ya ciki, ko da ya shekara ashirin a Ontario. Na sha ganin mai ɗaukar ma'aikata ya ji mutum ya ce daga Windsor yake, ya ɗauka ɗan ƙasa ne, a yi ta murna, sai an zo cike takardu magana ta watse. Abu na farko da ƙaninka zai yi shi ne ya tambaye su a rubuce: da wane izini za ku ɗauke ni, alhali fasfona na Najeriya ne?

Sauran ƙofofin duk ƙunci gare su. Bizar H-1B, ta ƙwararrun ma'aikata, guda 85,000 ake bayarwa a shekara ga yawancin ma'aikatu, ta hanyar ƙuri'a, aikin jinya na gama-gari kuma ba kasafai yake shiga rukuninta ba. A watan Satumba na 2025 gwamnatin Amurka ta ƙara sanya dala 100,000 a kan sababbin buƙatu na waɗanda ke waje. Akwai hanyar da asibiti zai nema masa girin kad kai tsaye, kuma nas yana da gata a nan, don ba a tilasta wa asibitin ya fara nuna cewa ya rasa Ba'amurke. Sai dai layin dogo ne, kuma fasfon namu yana ɗauke da nasa nauyin. A farkon 2020 an dakatar da ba 'yan Najeriya bizar ƙaura, aka ɗage a Janairun 2021. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizarmu ta ɗan lokaci zuwa shiga ɗaya, wata uku. A Disamban 2025 kuma aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ƙaura da ta ziyara da ta karatu. Irin waɗannan umarni da sa hannu ɗaya suke zuwa, da sa hannu ɗaya suke tafiya, don haka a duba halin da ake ciki a ranar da za a nema. Amma mai son tsallaka boda sau biyar a mako ba zai gina rayuwarsa a kan irin wannan ƙasa mai zaizaya ba.

Da ƙanina ne, ce masa zan yi ya zauna. Ya riga ya ci kwana 730 ko kusa, saura kamar shekara guda ya cika 1,095 ɗin nan. Ya tabbata ya cike takardun haraji na shekara uku, ya nemi zama ɗan ƙasa, ya ci jarrabawar, ya jira watannin da aikin zai ɗauka. Ba zai rasa ƙasarsa ta haihuwa ba, sashe na 28 na kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya yarda wa haifaffen ɗan Najeriya ya riƙe biyu, Kanada ma ta yarda tun 1977. Ranar da fasfon Kanada ya shiga hannunsa, TN ta zama tasa, domin ƙasar fasfo ake dubawa ba garin haihuwa ba, ƙirgen kwanaki kuma ya ƙare har abada: ko shekara goma ya zo ya yi a gaban Hajiya babu mai tambayarsa. Kafin lokacin sai ya yi ta haɗa kayan aiki, lasisin jihar Michigan, inda Detroit take, da takardar tantance ma'aikatan lafiya ta VisaScreen. In a Ontario ya yi rajista, ya ma rage hanya, don tun 2015 jarrabawar NCLEX ɗaya suke yi da Amurka. Sauri ya haifi nawa. Asibitocin Detroit ba za su daina neman nas nan da shekara biyu ba.

Kuma ya daina yi wa albashin kallon kitse tun bai cire haraji ba. Amurka za ta cire nata tun daga tushe, jihar Michigan ta ɗauki kashi 4.25 cikin ɗari, birnin Detroit ya ɗauki 1.2 daga wanda ba mazauninsa ba. Kanada kuma tana lissafa wa mazauninta haraji a kan duk abin da ya samu a ko'ina cikin duniya. Yarjejeniyar haraji ta 1980 tsakaninsu ta hana a caje shi sau biyu, ana rage masa abin da ya biya a can, amma sau da yawa akwai ciko da zai biya Kanada a ƙarshen Afrilu, kuma wanda bai ware kuɗin ba yakan sha mamaki. Inshorar lafiya ta Ontario tana son kwana 153 a lardin cikin kowane wata 12, wanda mai kwana a gida ba shi da damuwa da shi. Sai kuma boda, wadda boda ce ko a ina. A Fabrairun 2022 masu zanga-zanga sun toshe gadar Ambassador kusan mako guda. Ba sai na yi wa ɗan Kwari dogon bayani ba, kai ka san abin da rufe bodar Najeriya a Agustan 2019 ya yi wa masu kai kaya Maraɗi ta Jibiya, ka san ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Yanzu, Alhaji, mu zo kanka, kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Kanada kwanaki take ƙirgawa, Amurka kuwa niyya take karantawa. Babu wata lamba a dokar Amurka da za ka cika ka ce ka tsira. Tambayarsu ita ce: ina ne gidanka na gaskiya? Maganar wata shida da ta bazu a tsakanin mutanenmu, har kowa ke sayen tikiti a wata na biyar, an fahimce ta ne a karkace. Abin da doka ta ce shi ne, wanda ya wuce kwana 180 a waje ana ɗaukarsa kamar mai neman shiga sabo, a yi masa tambayoyin da ba a yi wa mai dawowa gida. Wanda ya wuce shekara kuma, katinsa kaɗai ba ya shigar da shi. Ba a taɓa cewa wanda ya dawo kafin wata shida ya kuɓuta ba. Tun 1975 hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice ta yanke hukunci a kan wata mata da ke tafiyar da gidan saukar baƙi a Jamaika, tana zuwa Amurka kamar wata guda a shekara don kada katinta ya mutu. Aka ce ai ta riga ta yi watsi da zamanta, ziyara kawai take kawowa. Cire Jamaika ka sa Kwari, labarinka ne.

Dubi abin da jami'i yake gani in ya buɗe bayananka. Cikin wata goma sha biyu, kusan goma sha ɗaya a Najeriya. Tikitinka daga Kano ya fara, a Kano zai ƙare. Shago a Kano, iyali a Kano, a Amurka kuwa ɗakin baƙi a gidan 'yarka. Ya tambaye ka aikinka, ka ce ɗan kasuwa, ya ce a ina. Cewa an bar ka ka wuce sau shida ko bakwai ba hujja ba ce, kowace shiga shari'arta daban, kuma kowace tafiya tana ƙara tsawon shaidar da ke kanka.

Za ka iya cewa, to ai akwai masu girin kad da ke zaune a wata ƙasa suna aiki a Amurka. Akwai su, tsari ne tsoho tun 1927, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da shi a 1974. Amma na mazauna Kanada da Meksiko ne kawai, masu aiki tsayayye a cikin Amurka da suke tsallakowa yi. Duk wata shida sai sun nuna shaidar suna kan aiki, wanda ya yi wata shida a jere ba aiki yana iya rasa katin, kwanakinsu ba sa shiga lissafin zama ɗan ƙasa, kuma ba za su nema wa danginsu takarda ba sai sun tare a Amurka. Ƙaninka ne wata rana zai iya cin moriyar wannan, ya riƙe takardun ƙasashen biyu lokaci guda. Kai naka akasin haka ne, aikin yana waje, katin yana ciki.

Ga kuma haraji, wanda na tabbata ba a gaya maka ba ranar da ake murnar fitowar kati. Mai girin kad Amurka na bin sa bayanin duk abin da ya samu a duniya, har ribar atamfa da shadda a Kwari. In kuɗin da ke asusunka na bankunan waje, a haɗe, ya haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, akwai rahoto na daban da ake bayarwa, kuma ka san abin da ke ratsa asusun ɗan Kwari a kakar sallah. Wanda bai taɓa cikewa ba yana da gyara a gabansa. Wanda kuma wani mai lissafi ya cike masa a matsayin wanda ba mazauni ba, don a rage kuɗi, ya sa hannu da kansa a kan cewa ba a Amurka yake zaune ba. Wata magana kuma da ba a son tayarwa: in kana da mata fiye da ɗaya, ka gaya wa lauyan da zai riƙe maka wannan lamari tun a zaman farko, domin dokar shige da ficensu tana da magana a kan haka, kuma ta fi fitowa a lokacin neman zama ɗan ƙasa.

Taura biyu ba ta taunuwa, sai ka zaɓa. In Amurka kake so da gaske, sai ka juya lissafin: yawancin shekara a can, adireshi naka, asusun banki mai motsi, lasisin tuƙi, haraji a kan lokaci, shago kuma a hannun yaran da ka yarda da su, kai kana zuwa dubawa. Bayan shekara biyar, in ka yi aƙalla wata 30 a cikin ƙasar ba tare da doguwar fita ta katse maka ba, ka nemi zama ɗan ƙasa ka huta. In kana buƙatar lokaci ka tattara harkokinka, akwai izinin sake shiga da ake nema da fom I-131, yana kaiwa shekara biyu, amma dole kana cikin Amurka za ka shigar da buƙatar, kuma an yi shi ne don fita mai ranar ƙarewa, ba don a mayar da shi abin sabuntawa har tsufa ba. In kuwa ka san a ranka ba za ka iya barin Kano ba, kuma mutum mai shekarunka da jama'arka ba abin kunya ba ne ya faɗi haka, akwai mayar da kati da hannunka ta fom I-407. A da ina ba da wannan shawara da sauƙin zuciya, don mutum yakan mayar ya nemi bizar ziyara ya ci gaba da ganin jikokinsa. Yanzu da aka taƙaita mana bizar ziyara, alhali masu girin kad umarnin bai shafe su ba, ba zan ce ka yi gaggawar sakin abin da ke hannunka ba. Ka zauna da 'yarka ku yi maganar gaskiya tukuna.

Kafin tafiyarka ta gaba, ga abin da za ka sani. In aka kai ka ɗakin ƙarin bincike a filin jirgi aka miƙo maka wannan fom na I-407, ba dole ba ne ka sa hannu. Jami'in boda ba shi da ikon soke maka zama da kansa, alƙalin shige da fice ne ke da wannan iko, kuma a gabansa gwamnati ce za ta kawo hujja. Ka ce cikin ladabi kana son ganin alƙali. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba, ka nemi tafinta in Turancin ya yi maka sauri, kuma kada ka ƙirƙiri aikin da ba ka yi ko gidan da ba ka zaune, ramin ƙarya ƙurarre ne kuma kwamfutarsu ta riga ka sanin ranakun. Ka sa 'yarka ta samo lauyan shige da fice mai lasisi a jiharsu tun kafin ka tashi, ba ejan ɗin da ke yanka maka tikiti ba, lambar wayarsa kuma ta kasance a rubuce a takarda cikin aljihunka, don sukan karɓi waya a ɗakin. Ka ɗauko tsohon fasfonka da sabo, ka zauna da biro ka fitar da duk ranar shiga da fita tun daga ranar da aka ba ka katin, ka aika wa lauyan kafin ku yi magana.

A gaida Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.